Adam Vinatieri gwarzo ne da gaske, ko a inuwar su Tom Brady ya ci suna?

DanFagge82: Salam 'yan uwa. Tambayata ga masu bin ƙwallon Amurka ce, wato NFL. Wani abokina da ya zauna a Boston ya dage min wai Adam Vinatieri yana cikin manyan gwarazan wasan, wai maki 2,673 ya ci kuma babu wanda ya kai shi a tarihi, kaka 24 yana bugawa. Da na bincika sai na ga ashe aikinsa bugu ne kawai, a kafa masa ƙwallo a ƙasa ya doka ya koma benci. Ba ya gudu, ba a kayar da shi, rigarsa ma ba ta yin datti. Ni a ganina waɗanda ake karya wa haƙarƙari su kai ƙwallo bakin gida su ne 'yan wasa, shi zuwa yake ya ɗauki na sama. Wanda ya sani ya fahimtar da ni don Allah.

Sadiq_Kawo: Maganarka dutse. Ni ma haka nake kallon abin, duk wasan na sama da awa uku amma in ka tara lokacin da mai bugu yake yi a fili bai fi 'yan mintuna ba.

Baba_Indiana: Malam Dan Fagge barka da wannan tambaya. Ni a Indianapolis nake zaune tun kafin ya zo garin, kuma na sha ganinsa da idona a fili. Bari in fara da yadda lissafin yake saboda waɗanda ba su san wasan ba. In ƙungiya ta kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya, tachdaun kenan, maki shida, sai mai bugu ya zo ya ƙara ɗaya. In kuma sun kasa kaiwa amma sun matso, sai a kira shi ya buga daga inda aka tsaya, in ta bi ta tsakanin sandunan nan biyu maki uku. Faɗin sandunan ƙafa 18 da rabi ne, bai kai faɗin ragar da muka sani ba mai ƙafa 24, kuma dole ƙwallon ta haye ƙarfen da ke ƙafa 10 daga ƙasa. Wasanni da yawa a NFL da tazarar maki uku ko ƙasa da haka suke ƙarewa, to ka ga wanda ke riƙe da maki ukun nan ba ɗan rakiya ba ne. Ƙungiyarsa ta farko New England Patriots sun ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na ɗaukar kofin NFL, sau uku yana tare da su, 20 da 17, 32 da 29, 24 da 21. Ka duba tazarar kowanne da kanka.

Sadiq_Kawo: Baba to amma ai babu gola a gabansa. Fenariti ma da akwai mai tsaron gida mutane suna ci.

Baba_Indiana: Ɗana Sadiq, fenariti yadi 12 ne. Wannan muna maganar yadi 45, 50, wani lokacin sama da haka, da ƙwallo mai tsini biyu wadda in ka kauce wa inda ya kamata ka doka da ɗan yatsa guda ta tafi wani wuri daban. Gola babu, amma akwai ƙarti goma sha ɗaya da suke rugowa da hannuwa a sama, wasunsu sun haura kilo 130. Daga jefo ƙwallon zuwa dokawa bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba, in ka wuce haka an tare.

Maman_Hanif: Ni ɗana yana buga wannan lambar a makarantar sakandarensu a nan Ohio, daga ƙwallon ƙafa kocin ya ɗauko shi. Wallahi ranar da suke da wasa ba na iya cin abinci. Sauran yara in sun yi kuskure mutum goma ne kewaye da su, ba kowa zai gane ba, shi kuwa in ya ɓarar duk filin shi ake kallo, har iyayen sauran yaran. Kuma abin da mutane ba su sani ba mutum uku ne ke aikin, akwai mai jefo ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa, akwai wanda ke durƙuso ya cafe ya kafa ta ya juya ɗinkin ya kalli gaba, sannan mai bugu. Ko waye ya yi kuskure a cikinsu sunan mai bugu za a kira.

Abba_Pats: Dan Fagge ka je ka nemi bidiyon wasan 19 ga Janairu 2002, Patriots da Oakland Raiders, sannan ka dawo mu yi magana. Dusar ƙanƙara ke zuba kamar da bakin ƙwarya, layukan filin ma sai an share ake gani, Raiders na gaba 13 da 10, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, in ya ɓarar kakar Patriots ta ƙare a nan. Yadi 45, ƙasa na santsi, ƙwallon ta daskare, ba zai iya kafa ƙafarsa ta hagu yadda ya saba ba, haka ya doke ta ƙasa ƙasa ta tafi tana layi ta haye ƙarfen da ƙyar. Aka tafi ƙarin lokaci ya sake cin ta yadi 23 aka tashi 16 da 13. Sati biyu bayan nan a New Orleans, Super Bowl da St. Louis Rams waɗanda kowa ya ba su kofin tun kafin a fara, ana 17 da 17 ya buga yadi 48 agogo na ƙarewa. Kofin farko a tarihin Patriots kenan. Ba don ƙafar mutumin nan ba labarin Brady kwatabak ɗinsu, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari, da kocinsu Belichick da ake ba mu yau da ba haka ya fara ba.

RaidersKatsina: Abba ka faɗi labarin ka tsallake wuri mafi muhimmanci. Kafin wannan bugun Charles Woodson ya doke Brady ƙwallo ta faɗi Raiders suka ɗauka, wasa ya ƙare a nan. Alƙalin wasa ya je ya kalli bidiyo ya dawo ya ce wai hannun Brady na kan hanyar jifa ne, aka mayar musu da ƙwallo. Dokar da aka kafa hujja da ita ma NFL da kanta ta soke ta a 2013. Har yau abin na min ciwo, zalunci ne aka yi mana ƙiri ƙiri.

Abba_Pats: Dokar tana cikin littafi a lokacin, alƙali bai ƙirƙiro ta ba. Kuma ko an mayar musu da ƙwallo ai ba a ba su maki ba, sai da wani ya buga.

RaidersKatsina: Bugun kam ban musa ba, bugu ne na maza. Abin da ya gabace shi nake magana.

DanFagge82: To ai kun ga abin da nake faɗa. A wasan Rams ɗin waye ya ɗauko ƙwallo daga can bayan filinsu cikin minti ɗaya da rabi ya kawo ta inda za a iya bugawa? Brady ne. Shi ya yi wahalar.

Hajjo_Maradi: Yaya Dan Fagge ina da magana a nan. Wanda ya noma gero ya yi wahala babu musu, amma in mai ɗaura damin bai iya ba a hanya zai watse kafin a kai rumbu. Kwatabak Jim Kelly ma ai ya kawo Buffalo Bills inda za a buga a Super Bowl na Janairun 1991, Scott Norwood ya buga yadi 47 ta bi ta dama, Giants suka ci 20 da 19. Bills sun sake zuwa wasan ƙarshe sau uku a jere bayan nan ba su ɗauka ba, kuma har yau ba su da kofin. Kwatabak ya yi nasa a duka wuraren biyu, bambancin a ƙafa yake.

Usy_Analyst: Ni ina tsakiya. Na yarda aikin na da wuya amma ban yarda Vinatieri ne ya fi kowa iyawa ba. Cikin bugu 715 na maki uku ya ci 599, wajen kashi 84 cikin ɗari kenan. Justin Tucker da ya buga wa Baltimore ya fi shi kaso nesa ba kusa ba, kuma shi ne ya buga yadi 66 a Detroit a 2021 ta daki ƙarfe ta faɗa ciki. Yawan makin Vinatieri daɗewa ce ta kawo shi. Sannan kar a manta rabin wasanninsa na shekara 14 a Indianapolis Colts a fili mai rufi ya buga su, ba iska ba ruwa, kuma daga 2009 zuwa 2016 abokin wasansa Pat McAfee ne ke yin bugun fara wasa, ƙafarsa ta samu hutu.

Baba_Indiana: Usy abin da ka faɗa na rufi da McAfee haka yake. Amma daɗewar da kake rainawa ita ce abin mamakin. Ƙungiya mai bugu ɗaya take riƙewa, babu na benci, in ka ɓarar sati biyu a jere ranar Talata za ka ga an kira mutum huɗu gwaji. A irin wannan aikin mutum ya yi daga 1996 zuwa 2019 a ƙungiya biyu kacal. Kuma yana ɗan shekara 43 ya ci bugu 44 a jere ba kuskure tsakanin 2015 da 2016, a lokacin babu wanda ya taɓa yin haka. Shekara goma na farko kuma a Foxborough ya yi su, a sarari cikin sanyin da ke sa ƙwallo ta yi tauri.

Nura_Tudunwada: Tambaya daga gefe, shi ɗan wace ƙasa ce? Sunan kamar na Italiya.

Abba_Pats: Ba'amurke ne, an haife shi a Yankton ta jihar South Dakota a Disamban 1972, ya tashi a Rapid City. Asalin sunan dai daga Italiya ne, kakan kakansa Felix Vinatieri shi ne shugaban 'yan badujalar rundunar Custer, wani kwamandan sojan Amurka na da. Ya yi jami'ar South Dakota State wadda a lokacin ba ta cikin manyan makarantun ƙwallo, da ya gama babu ƙungiyar da ta zaɓe shi. Sai ya tafi Virginia wajen wani koci Doug Blevins, mutumin da a keken guragu yake tun yana yaro, bai taɓa doka ƙwallo da ƙafarsa ba amma idonsa na ganin kuskuren da masu ƙafa ba sa gani, shi ya gyara masa bugu. Daga nan ya samu shiga Amsterdam Admirals a Turai a 1996, a shekarar Patriots suka ɗauko shi.

Maman_Hanif: Allahu Akbar, wannan na kocin ban taɓa ji ba. Zan ba Hanif labarin yau.

Sani_Gola: Ni na yi shekaru ina tsaron gida a wasannin unguwa a Kaduna, kuma abin da na gani shi ne masu ƙafa suna da yawa, masu zuciya ne kaɗan. Muna da wani yaro a tirenin ko goma ka ba shi zai ci goma, ranar wasan ƙarshe da jama'a suka cika fili ya zo bugun fenariti na ga gwiwarsa na rawa daga inda nake tsaye, ya ɗaga ta sama. Bai sake karɓar fenariti ba har ya bar ƙwallo. Shi ya sa wasan Vinatieri da ya fi burge ni ba na dusar ƙanƙara ba ne, na Carolina ne a Fabrairun 2004. A wasan ya ɓarar da ɗaya na kusa, aka tare masa na biyu, duniya na kallo, sannan ana 29 da 29 saura daƙiƙu aka sake kiransa yadi 41 ya saka ta tsakiya. Mutumin da ya ɓarar sau biyu a dare ɗaya ya dawo na uku hankalinsa a kwance, wannan ba a tirenin ake koyonsa ba. Usy lissafinka ba ya nuna wannan.

Usy_Analyst: Malam Sani in da bai ɓarar da biyun farko ba ai da ba a buƙaci na ƙarshen ba. Muna tuna wanda ya shiga ne mu manta waɗanda suka fita.

Sani_Gola: Wanda aka tare ba lallai laifinsa ba ne. Kuma ko ma laifinsa ne, ni abin da ya biyo baya nake kallo.

Zongo_Bronx: 'Yan uwa ku bari in sako wani abu, kun san 'yan Najeriya sun taɓa riƙe wannan lambar a NFL? Obed Ariri ya buga wa Tampa Bay a 1984, shekarar da ta biyo Donald Igwebuike ya karɓi gurbin ya riƙe har 1989 sannan ya je Minnesota. Dukansu ƙwallon ƙafa ce ta kai su jami'ar Clemson, kuma Igwebuike ya ci bugu uku a wasan da Clemson ta doke Nebraska 22 da 15 ta zama zakarar jami'o'i na kakar 1981. Da ma can salon bugu da gefen ƙafa daga 'yan ƙwallon ƙafa aka samo shi, Pete Gogolak ɗan asalin Hungary ya shigo da shi a 1964, kafin nan da tsinin takalmi ake dokawa a miƙe. Yanzu ma ga Brandon Aubrey na Dallas, Toronto FC ce ta zaɓe shi a 2017, ƙwallon ba ta karɓe shi ba ya koma aikin kwamfuta, yau yana cikin waɗanda ake ji da su. Ni kullum in na ga yaranmu na Nima da Kumasi suna doka ƙwallo daga tsakiyar fili sai in ce da akwai mai nuna musu hanya.

Nura_Tudunwada: Kai wannan labari ne babba. To me zai hana a kwashi masu firikik a kai can?

Maman_Hanif: Ƙanena Nura ba haka kawai ba ne. Hanif ya fi wata shida kafin ƙwallon ta fara tashi yadda ake so, a ƙwallon ƙafa lanƙwasa ta ake so, nan kuwa so ake ta tashi sama da wuri ta tafi a miƙe, kuma taku biyu ko uku kawai gare ka. Sannan gurbin 32 ne kacal a duk NFL.

Sadiq_Kawo: Mu dawo kan maganar Dan Fagge. Ni har yanzu abin da ya tsaya min shi ne ba ya shan duka. Wasan na karo ne, wanda ba ya karo ta yaya za a jera shi da 'yan baya masu karo irin su Ray Lewis?

Abba_Pats: A shekararsa ta farko a wasa da Dallas, Herschel Walker ya karɓi bugun fara wasa ya ratsa kowa ya nufi gida, Vinatieri ne ya bi shi a guje daga baya ya kayar da shi. Walker fa, mutumin da aka sani da gudu tun yana jami'a. Daga ranar kocinsu Bill Parcells, wanda ba ya ɗaukar masu bugu da daraja, ya fara yi masa kallon ɗan wasa.

Sadiq_Kawo: Sau ɗaya cikin shekara 24.

Hajjo_Maradi: Sadiq ai ba a ɗauke shi don karo ba. Gola ma ba ya cin ƙwallo amma ba wanda ya ce ba ɗan wasa ba ne.

Baba_Indiana: Wa ya ce sai da Brady? A 2006 Patriots suka bar shi ya tafi, suka ɗauki Stephen Gostkowski, mu muka karɓe shi. A Janairun 2007 a Baltimore, kwatabak ɗinmu Peyton Manning da duk ƙarfinsa bai iya kai ƙwallo gida ko sau ɗaya ba, aka tashi 15 da 6, duka maki 15 ɗin daga ƙafar Vinatieri suka fito, bugu biyar. Daga nan muka doke Patriots ɗin, muka je Miami muka ci Chicago 29 da 17 cikin ruwan sama. Zoben Super Bowl na huɗu kenan a hannunsa. Ina cikin garin nan a daren, mutane sun fito titi cikin sanyin da ko hannu ba ka iya fitarwa daga aljihu.

Usy_Analyst: Baba tunda an zo nan a faɗi ƙarshen ma. A 2019 ya ɓarar da bugu 14, takwas na maki uku, shida na maki ɗaya, Colts sun rasa wasannin da ya kamata su ci saboda shi. Ya kamata ya ajiye tun 2018 bayan ya wuce maki 2,544 na Morten Andersen.

Baba_Indiana: Gaskiya ne kakar ta yi muni kuma ta yi mana ciwo. Gwiwarsa ta hagu ce ta lalace, wadda yake dogarawa a kai, yana ɗan shekara 46, daga ƙarshe sai da aka yi masa tiyata. Ni ban ga laifinsa ba don ya gwada, a 2018 ƙafarsa lafiya lau take, wa zai ajiye aiki yana ganin yana iyawa? Bai ma sanar da ritaya ba sai a Mayun 2021, a shirin McAfee ɗin da ya yi shekaru yana kafa masa ƙwallo.

RaidersKatsina: Kuma tarihin Andersen ɗin ma a kanmu ya karya shi, a Oakland, Oktoban 2018. Mutumin nan bai taɓa barinmu mun huta ba.

Hajjo_Maradi: Abin da ke ba ni haushi su kansu Amurkawan ra'ayin Yaya Dan Fagge gare su. Zauren karrama gwarazansu da ke Canton, shekara da shekaru mai bugu zalla guda ɗaya ne a ciki, Jan Stenerud ɗan Norway da ya shiga a 1991, sai a 2017 aka saka Andersen. Vinatieri kansa a karon farko da ya cancanta a 2025 tsallake shi aka yi. Mutumin da ya fi kowa maki fa.

Usy_Analyst: Wannan kam ni ma ban goyi baya ba. Cewa na yi ba shi ne ya fi kowa iyawa ba, ban ce bai cancanci Canton ba.

DanFagge82: Na kalli bidiyon dusar ƙanƙarar da Abba ya ce, sau da yawa ma, ƙwallon ko ganinta ba a yi sosai. Bugun ya girgiza ni. Amma har yanzu in aka ce in zaɓi mutum ɗaya daga waccan ƙungiyar Brady zan ɗauka, kuma ina ganin kowa a nan haka zai yi, har Baba.

Sani_Gola: In farkon wasa ne Brady. In saura daƙiƙa bakwai kuma ana yadi 30 daga gida ba sauran damar neman hutu a hannu, Brady da kansa ƙwallon ya doka da ƙasa ya tsayar da agogo ya fita ya ba shi wuri.

Nura_Tudunwada: Don Allah wa ke da tashar da ke nuna wasannin nan a Najeriya? Kuma ƙarfe nawa ake farawa, an ce min tsakar dare ne.

Abba_Pats: Na ranar Lahadi na farko suna farawa wajen shida ko bakwai na yamma agogonmu, ya danganta da canjin agogonsu. Super Bowl ne ke kaiwa sha biyu da rabi na dare. Nura ka min magana ta gefe. Usy kuma ina jiran ka kawo min bugun Tucker guda ɗaya da aka ɗauki kofi da shi agogo na kan sifiri.